Jagorantar Matasa a Kwale-kwale Cikin Dajin Boundary Waters

Da zarar ƙanƙara ta narke a tafkunan arewacin jihar Minesota ta Amurka, wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, sansanonin matasa sukan fara kiran ma'aikatansu na bazara. Yawancinsu ɗaliban jami'a ne masu jini a jika. A ba su horo na 'yan makonni, sannan a danƙa wa mutum biyu 'ya'yan mutane shida ko bakwai, da kwale-kwale uku, da abincin kwana biyar ko goma, a ce su shiga daji su dawo da su lafiya. Wani irin cin rani ne: daga Yuni zuwa Agusta ana aiki ba kama hannun yaro, sanyi na kawo kai kowa ya kama gabansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kowace shekara sababbin jagorori suna zuwa da kuskure iri biyu. Na farko, sabon jagora yana ɗaukar ƙarfinsa ne aikin. Shi zai ɗauki jirgi mafi nauyi, shi zai kafa tanti, shi zai hura wuta, yara suna tsaye suna kallo, su koma gida ba su koyi komai ba sai cewa jagoransu ƙato ne. Na biyu, yana riƙe jadawalin tafiya kamar wahayi. An rubuta cewa ranar Laraba za a kwana a tafki kaza, to ko iska na ɗaga duwatsu sai an kai. Kuskuren farko yana ɓata tarbiyya, na biyu yana kashe mutane. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ne ga waɗannan biyun.

Filin aikin

Boundary Waters daji ne da gwamnatin tarayyar Amurka ta keɓe a kan iyakarta da Kanada. Ya haura eka miliyan ɗaya, yana da tafkuna sama da 1,100 da masaukai da aka tanada sama da 2,000. Dokar 1964 ce ta sa shi cikin dazuzzukan da aka kare, ta 1978 ta ƙara ƙarfafa kariyar. A ƙetaren iyaka, cikin lardin Ontariyo, dajin Quetico ya ɗora daga inda ya tsaya. Babu titi a ciki, babu lantarki, kuma a mafi yawan wurare wayar salula ba ta da sabis. Tafki yana bin tafki, tsakaninsu 'yar siririyar hanyar ƙafa wadda dole a sauke kaya a bi ta da jirgi a kafaɗa.

Waɗannan hanyoyi na mutanen Ojibwe ne, waɗanda suka daɗe suna bin su da jiragen ɓawon itace kafin fataken fatu masu jin Faransanci su biyo sawunsu. Waɗancan fatake sukan goya ƙunshi biyu, kowane kilo 41, su ratsa hanyar ƙafa ta Grand Portage mai tsawon kusan kilomita 14. Har yau akwai jajayen zane-zanen mutanen farko a jikin duwatsun wasu tafkuna, irin na North Hegman. Ka gaya wa yara wannan tarihi tun ranar farko, ka kuma hana su taɓa zanen ko watsa masa ruwa don hoto ya fito.

Sansanonin ma tsofaffi ne. Menogyn ya fara a 1922, Widjiwagan da ke kusa da garin Ely a 1929, 'yan sikawut kuwa suna shiga wannan daji tun 1923. Kowane yana da al'adunsa. Ka koye su kafin ka fara gyara musu.

Abin da ake nema gare ka

Iyo shi ne na farko. Da yawa daga cikinmu mun tashi nesa da babban ruwa, an kuma tarbiyyantar da mu a kan gudunsa. Idan kana karatu a Amurka ko Kanada kana sha'awar wannan aiki, ka yi lokacin sanyi kana koyon iyo a wurin wankan makarantarku, har ka iya janyo wani zuwa gaɓa. Sai takardar shaidar agajin gaggawa na daji. Ƙaramin kwas ɗin awa 16 ne, babban, wanda ake kira Wilderness First Responder, yana cin awa 70 zuwa 80, kuma shi ake so ga mai doguwar tafiya, domin a can kai ne asibitin har taimako ya iso, wataƙila sai washegari. Za a binciki tarihinka tunda aikin yara ne. Mai zuwa daga wata ƙasa yakan shigo da bizar J-1 ta masu kula da yara a sansani, wadda ke buƙatar shekara 18 kuma ba ta wuce wata huɗu.

Kuɗin ba yawa, amma ci da kwana na sansani ne. Idan kai Musulmi ne, ka faɗi maganar abinci tun a ganawar ɗaukar aiki, saboda naman alade yana shiga guzurin daji sosai kuma ana ƙulla abinci ne tun kafin a tashi. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, kamfas ɗin da ke wuyanka zai nuna maka. A ƙarshen Yuni rana kan fito wajen ƙarfe 5 ta faɗi wajen ƙarfe 9, don haka ka tsara sallolinka da abokin aikinka yadda ba za a bar yara ba mai ido a kansu ba.

Kayan aiki

Jirgi: na Kevlar bai fi kilo 20 da 'yan kai ba, amma dutse yana cin cikinsa. Na alminiyam ya haura kilo 30, yana jure wahala.

Filafili ɗaya ga kowa, da na ajiya ɗaya a ɗaure cikin jirgin jagora.

Rigar kariya daga nutsewa daidai jikin kowane yaro. Ka ɗaure masa, ka kama kafaɗun rigar ka ja sama. In ta haura kunnuwansa, a ruwa ma haka za ta zame.

Manyan jakunkunan goyo masu faɗi, irin na Duluth, da leda mai kauri a ciki. Tufafi da jakar barci su shiga leda a murɗe bakinta.

Taswira biyu aƙalla, ta kamfanin Fisher ko McKenzie, cikin leda, da kamfas. Jajayen ɗigo a kansu su ne masaukai.

Akwatin magani, na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, usur, tocila, igiya, tamfol, risho, matatar ruwa, ashana a wuri biyu daban.

Tufafin ulu ko na roba, da rigar ruwa ta gaske. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa kuma tana zuƙe ɗumin jiki. Takalmi mai rufaffen baki wanda za a shiga ruwa da shi, da wani busasshe na masauki.

Gwangwanin abinci da kwalabe haramun ne a wannan daji, sai a juye komai cikin leda ko roba.

1. Zana hanya

Dokar dajin ba ta yarda ƙungiya ta wuce mutum 9 da jirgi 4 ba, ko a ruwa, ko a hanyar ƙafa, ko a masauki. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba sai da takardar izini mai ɗauke da ranar shiga da ƙofar da za a shiga ta. Sansani ne ke nemo ta, kai kuma ka ajiye ta a jikinka.

Ka zana hanyar da mafi rauni cikin yaran zai iya, ka rage mata kaɗan. Yara da jirgi cike da kaya ba sa wuce kilomita uku a awa. Ranar farko ta zama gajera, domin komai sabo ne kuma komai zai ci ninkin lokacinsa. Ka bar rana guda ba komai a jadawali, iska za ta karɓe ta. A kowace rana ta tafiyar ka san ƙofar fita mafi kusa da awa nawa za ta ci, ka kuma bar kwafin hanyar a ofis.

2. Takardun yara da gwajin ruwa

Kafin ka ga fuskar yaro ka karanta takardar lafiyarsa, sau biyu. Wa ke da asma, wa ke shan magani kullum, wa jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko harbin zuma. Magungunan suna hannunka, kai ke bayarwa, kai ke rubutawa. Allurar gaggawa ta mai irin wannan matsala kada ta kwana a ƙasan jaka. Ta zauna inda ku biyu kuka sani, inda hannu zai kai cikin duhu.

Sannan a bakin sansani, inda ruwa bai da zurfi, a gwada iyon kowa, a kuma kifar da jirgi da gangan. Sababbin jagorori suna son tsallake wannan saboda ruwan da sanyi kuma yara na ƙunƙuni. Kada ka tsallake. Yaron da ya taɓa faɗawa, ya ji riga ta ɗago shi, ya ga jirgin da ya cika da ruwa bai nutse ba, ya kama gefensa ya jira, ba zai firgita irin firgitar wanda yau ne farkonsa a tsakiyar tafki ba. A nan za ku gwada ceto: a jawo goshin jirgin da ya kife a ɗora shi gicciye kan lafiyayyen, ruwa ya zube, a juya shi, a mayar, a riƙe masa gefe har mutanensa su hau ɗaya bayan ɗaya.

3. Lodi da tuƙi

Ana loda jirgi ne yana kan ruwa, ƙafarka a ciki har ƙwauri. Wanda ke ƙyamar jiƙa takalmi shi ne ke jan jirgi kan dutse, ko ya tsaya ƙafa ɗaya a gaɓa ɗaya a jirgi ya faɗa tsakani. Jakunkuna su kwanta a tsakiya, kada su ɗara gefe tsawo, nauyin dama da hagu ya daidaita. Mai shiga ya sunkuya, hannu biyu a gefuna, ya taka tsakiya.

Na gaba shi ke ba da ƙarfi yana duba duwatsu, na baya shi ke riƙe akala. Suna tuƙi ne a ɓangarori daban. Jirgi yakan karkace daga ɓangaren da na baya ke tuƙi, maganinsa kuwa a ƙarshen kowane bugu ya murɗa filafili har babban yatsan hannunsa na sama ya dubi ƙasa, ya ɗan tura ruwa waje. Yaro zai yi kwana biyu yana zagaye kafin hannunsa ya gane. Ka bar shi ya zagaya.

Riga a jiki, a ɗaure, duk lokacin da ake kan ruwa, har da kai, har a ranar da tafki ya kwanta lumui. Duk wanda ya bi labarin haɗurran jiragen ruwa a kogin Neja, irin na yankin Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, ya san abin da lodi fiye da kima da rashin wannan riga ke jawowa. Jirage kuma su kasance inda murya za ta kai daga na farko zuwa na ƙarshe.

4. Dakon jirgi tsakanin tafkuna

A taswira ana auna waɗannan hanyoyi da ma'aunin rod, wanda ya kai mita biyar, kusan tsawon jirgi guda. Hanya mai rod 160 mita 800 ke nan. In kayanku ba za su tafi a sahu ɗaya ba, za ku taka ta sau uku: kai kaya, dawowa, sake kai kaya. Ka sa wannan a lissafi.

Jirgi yana da sanda a gicciye a tsakiyarsa mai matashi biyu na kafaɗa. Ga yadda za a ɗora wa yaro: a kife jirgin, bayansa na ƙasa, wani ya ɗaga goshin sama da hannu biyu, mai ɗauka ya shiga ƙarƙashi da baya-baya har matashin nan biyu su sauka a kafaɗunsa. Ya miƙa hannu gaba ya kama gefuna, ya ɗan ɗaga goshin don ya ga hanya. A takun farko za ka ji numfashinsa yana amsa-kuwwa cikin jirgin, gwiwoyinsa na rawa, sauro sun taru a inuwar da ke kansa kuma ba hannun korarsu. Wani ya bi shi a baya ba da nisa ba. In ya ce a karɓa, a karɓa nan take, ba gori. Gobe da kansa zai nemi ƙarin taku.

A nan ake yawan samun targaɗe, saboda saiwoyi da duwatsu masu santsi. Ba gudu. Kada a bar ƙananan kaya a warwatse, a ɗaure komai a jaka. Ku janye kayanku gefe don wasu matafiya su sami wurin sauka. A ƙarshen kowace hanya ka ƙirga kawuna da jakunkuna da babbar murya kafin jirgi ya motsa. Jakar abincin da aka manta a baya tana iya cin muku rabin yini.

5. Iska, tsawa da ruwan sanyi

Nan ne aikinka na gaskiya yake. Da sassafe tafki yakan kwanta, wajen hantsi iska ta fara tashi, da azahar ta yi ƙarfi. Saboda haka manyan tafkuna irin su Saganaga, Basswood, Brule da Lac La Croix da asuba ake ƙetare su. Ka tashi yara da wuri, a sha abu mai zafi, a kama ruwa. Ku bi gaɓa ko da ta fi nisa, ku fake da tsibirai. Daga inda kake a ɓoye iska ba ta nuna ƙarfinta, sai ka duba can tsakiya: in igiyar ruwa ta fara fitar da farar kumfa, ba ranar yara ba ce. In ta riske ku a hanya, kowa ya durƙusa a ƙasan jirgi, a fuskanci igiyar a ɗan karkace, kada a ba ta gefe, a nufi gaɓa mafi kusa.

Yara za su roƙe ka a tafi. Abokin aikinka ma wataƙila ya ce ai za a iya. Kai kanka za ka ji kunyar a ce ƙungiyarka ce ta makara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kafa tamfol, a dafa shayi, a koyi ɗaurin igiya, a aika wa ofis saƙo cewa an tsaya. Ku yi alkawari da abokin aikinka tun a sansani cewa in ɗayanku ya ce a'a, a'ar ce ke aiki.

Ranar 11 ga Yuni, 1978, wata makaranta ta Ontariyo ta fita da yara 27 da manya huɗu cikin manyan jirage huɗu a tafkin Timiskaming, kan iyakar Ontariyo da Kebek. Sun kwana a mota suna tafiya, da safe suka hau ruwa. Iska ta tashi, jirage suka kife ɗaya bayan ɗaya wajen ƙoƙarin ceton juna. Yara 12 da babba ɗaya suka rasu, da rigunan kariya a jikinsu. Sanyin ruwa ne ya kashe su. Duk mai wannan sana'a ya kamata ya san wannan rana, domin tana nuna cewa riga tana hana nutsewa ne kawai, kuma hukuncin da ke ceton rai tun a gaɓa ake yanke shi.

Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ruwa mai tsananin sanyi ke yi wa jiki da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi yana ƙwacewa, aikin mutum kawai ya shawo kansa. Sai kimanin minti goma da hannu da ƙafa ke jin magana, a ciki ne za a kama jirgi ko a hau. Sai kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Ka koya wa yara wannan. Ka kuma sani ba sai an faɗa ruwa sanyi ke kama mutum ba. Yayyafi da iska a watan Yuni sun isa. Yaron da ke karkarwa, ya yi shiru, yatsunsa sun kasa ɗaure igiya, maganarsa na harɗewa, a tsaya nan take: a cire jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu, a shigar da shi jakar barci kan shimfiɗa, a ba shi abu mai zaƙi da ɗumi in yana iya haɗiya da kansa.

Tsawa kuwa, da ka ji ta a bar ruwa. Ku guji tsinin tsibiri, buɗaɗɗen dutse da itacen da ya fi sauran tsawo. Ku shiga inda itatuwa suke kai ɗaya, ku bazu da tazara tsakaninku, ku jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe.

6. Masauki

Ku nemi masauki kafin la'asar. A tsakiyar bazara wurare suna cika, ba a kuma kwana sai inda aka tanada, mai murhun ƙarfe da masai a bayan daji. Kafin a kafa tanti ɗaga kanka sama. Ranar 4 ga Yuli, 1999, guguwa mai gudun sama da kilomita 140 a awa ta kwantar da miliyoyin itatuwa a wannan daji, ta jikkata matafiya da dama. Busasshen itace ko reshen da ke rataye bisa tanti ba ya buƙatar irin wannan guguwa kafin ya faɗo. A ja jirage sama, a kife su, a ɗaure.

Wuta cikin murhu kaɗai, da busassun itacen da suka faɗi da kansu, waɗanda ba su fi kaurin wuyan hannu ba. Ba a sare ɗanye, ba a ɓare ɓawon itace. Kafin barci ko tashi a zuba ruwa, a motsa toka, a sake zubawa har ka iya sa hannu. Gobarar Ham Lake ta watan Mayun 2007 daga wutar masauki ta tashi, ta cinye kimanin eka 75,000 a Amurka da Kanada. Tafasasshen ruwa ma abin tsoro ne: mai dafa abinci ya sa takalmi, tukunya ta zauna a ƙasa, kada kowa ya tsallake ta. Ba a yin tsalle cikin ruwa da ka, komai kyan wurin.

Ruwan tafki garau yake amma yana iya ɗauke da ƙwayar giyadiya mai sa gudawa. A tace, ko a tafasa minti ɗaya cur. Wanke-wanke da wanka da sabulu a yi su mita 60 daga gaɓa. Wanke hannu kafin abinci kai za ka tsaya a kai, domin ciwon ciki ɗaya yana zagaye ƙungiya cikin kwana biyu.

Baƙin beyar na wannan daji abinci yake nema, ba mutum ba. Duk abin da ke da ƙamshi, har man goge baki, ya shiga mazubin da beyar ba ya iya buɗewa, ko a rataye shi kusan mita huɗu daga ƙasa, mita biyu daga jikin itace. Ka duba aljihun yara, alewa ɗaya a tanti ta isa. Kowane dare kuma kowa ya duba jikinsa saboda kaska, wadda wani nau'inta ke ɗauke da cutar Lyme.

7. Miƙa musu aikin

Ranar farko kai ke nunawa. Ta biyu ku yi tare. Daga ta uku hannunka ya fara komawa aljihu. Wannan yana da wuya fiye da yadda ake zato, domin kana ganin tantin da za ka kafa cikin minti biyar yana cin rabin awa, kuma a karkace. In ba hadari a sama, ka ƙyale su.

Kowace rana ka naɗa shugaba cikinsu, ka ba shi taswira. Ya ɗora ta kan jakar da ke gabansa, ya juya ta ta dace da kamfas, ya sa yatsa inda kuke, yana matsar da shi duk tsibirin da aka wuce. Za ka ga ya nufi lungun da ba shi ba ne. In lafiya lau ake kuma akwai rana, bi shi. Idan kun isa ƙarshen lungun ba hanya, kada ka karɓe taswirar. Matso da jirginka kusa ka tambaye shi: "Ina ne wuri na ƙarshe da ka tabbata da shi?" Zai yi shiru, ya duba takarda, ya duba gaɓa, ya mayar da yatsa baya. Rabin awar da kuka ɓata ita ce darasin ranar, kuma ba zai manta da ita ba.

Abu uku ne kawai ba a sa su a shawara: rigar kariya, hukuncin iska da tsawa, da cewa ba mai barin masauki shi kaɗai. Ka faɗe su tun daren farko tare da dalilansu. Sauran, irin wane masauki, me za a dafa, wa zai zauna da wa, a bar musu. Yara suna bin doka kaɗan mai dalili, suna kuma gane jagoran da ke kafa doka don a san shi ne babba.

Ka lura da rabon aiki. In ka yi sake, ƙarfafa za su riƙe jirgi da akala, ƙanana su dawwama a wanke tukunya. Juya su. Yabo ya zama na abin da aka yi: "Na ga ka koma ka karɓi jakar ɗan'uwanka ba wanda ya sa ka." Gyara kuwa a gefe, murya ƙasa. Yawancin faɗan da na gani a daji yunwa ce, ko ƙishirwa, ko gajiya. Kafin ka zauna sulhu, raba abin taɓawa, a sha ruwa, ka ga abin da ya rage na rigimar.

8. Dare na biyu da iyakokin amana

Kewar gida takan sauko ne a dare na biyu ko na uku, lokacin da ɗoki ya wuce, jiki ya yi tsami, ba waya a hannu. Yaron da bai taɓa ganin duhu na gaske ba zai ji kukan tsuntsun ruwa da ake kira lun, ko kukan kyarkeci daga nesa, ya ƙanƙame. Faɗa musu tun da rana abin da za su ji da dare. Mai kewa kada ka yi masa alkawarin mayar da shi gida. Zauna da shi inda ake ganinku, ka saurara, ka ba shi aikin da za a dogara da shi gobe da safe.

Yara suna ɓoye ciwo. Duba ƙafafu kowace yamma, domin jan wuri da aka manna wa filasta yau shi ne bororon da ba zai fashe gobe ba. Mai fitsarin kwance a taimake shi a shanya jakarsa ba tare da kowa ya sani ba. Ƙungiyar 'yan mata tana buƙatar jagora mace da tanadin kayan al'ada da ledar mayar da su.

Kada ka keɓe da yaro inda ba mai ganinku, kada ka kwana a tantinsu. Wannan kariya ce gare su da kai. In yaro ya fara buɗe maka cikinsa, abin da kan faru a bakin wuta, kada ka yi alkawarin rufa asiri kafin ka ji. Idan maganar ta shafi cutar da shi ake yi, ko niyyar cutar da kansa, wajibi ne ka kai ta ga shugaban sansani, kuma ka gaya masa da bakinka cewa za ka kai, da dalilin. Kai ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, ba kuma ubansa ba. Babban yaya ne na kwana goma, wanda aka ba amana.

9. Fitowa

A daren ƙarshe a zauna kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani wani ya yi wanda ya burge shi. Ka tabbata ba a tsallake kowa ba. Da safe a zagaye masauki a tsince komai, har zaren leda.

A sansani aiki bai ƙare ba sai an wanke tukwane, an shanya tantuna sun bushe ƙayau, an nuna wa mai gyara duk tsagar da jirgi ya samu. Rubuta rahoto a ranar, tun kana tune: duk rauni, duk maganin da ka bayar, da duk abin da ya kusa faruwa bai faru ba, domin daga irin wannan ne sansani ke gyara tsarinsa. In iyaye sun zo, ka gaya wa kowannensu takamaiman abu ɗaya da ɗansu ya yi. Kada ka karɓi lambar yaro ko ka bi shi a shafukan sada zumunta, duk wata hulɗa ta bi ta ofis.

Tsakanin tafiya da tafiya hutun kwana ɗaya ko biyu ne. Yi barci, wanke kaya, kira gida. Gajiyar Agusta ce ke sa ƙwararren jagora ya fara tsallake ƙirgen kawuna, don haka a tafiyar ƙarshe ku riƙa tunatar da juna kai da abokin aikinka. Idan kana son dawowa baɗi, faɗa wa shugaban sansani kafin ka tafi, ka duba ranar da takardar agajinka za ta ƙare, domin ana sabunta ta bayan shekara biyu ko uku. Sansanoni sukan fara ɗaukar ma'aikata tun cikin sanyi, takardun izinin shiga dajin kuma ana buɗe neman su a ƙarshen Janairu.